Injin Yankan Itace Ya Ƙara Gudu, Ɗorawar Gonakinmu Na Ƙarewa

Jama'ar Maradun, Bakura da Mafara, akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma duk masu rubutu a kan halin da yankinmu ke ciki ban ga wanda ya waiwaye ta ba. Kowa na maganar 'yan bindiga da tsadar taki da kuɗin mota zuwa Gusau, kuma daidai ne a yi. Amma akwai ƙarar da ake ji kusan kullum a bayan gari tun hantsi har la'asar, wato ta injin yankan itace, kuma a 'yan shekarun nan ta sauya: ta ƙara kaifi, ta kuma matso kusa da gida. Dalilin kaifin na san shi, don sana'ata ce. Dalilin matsowar kuma kowa ya sani, faɗa ne ba a son yi.

Ni ɗan Damaga ne, gyaran ƙananan injuna nake yi: janareto, injin ban ruwa na masu noman rani a Bakolori, injin feshi, da wannan na yankan itace. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, duk wanda ya kawo mini irin wannan inji ƙorafinsa bai wuce ya ƙi tashi ko igiya ta tsinke ba. A lokacin lita ba ta kai naira 200 a gidan mai ba. Kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000, a hannun 'yan bumburutu kuwa sai abin da suka yanke. Daga nan buƙata ta canza. Yanzu yaro zai shigo da inji lafiya lau, ya ajiye, ya ce: "Maigida, so nikai ka ɗaure mai wuya ya rage shan mai, kuma ka buɗe mai baki ya ƙara gudu." Abu biyu ke nan da ba sa shan inuwa ɗaya, kuma su ne suka cika shagunanmu da gawarwakin injuna.

Bari in yi bayani yadda wanda bai taɓa riƙe sukurudireba ba zai gane. Injin yankan itace ba kamar na babur ba ne da ke da wurin zuba baƙin mai daban. Shi mansa na santsi a cikin fetur ake gauraya shi, fetur ɗin ne ke kai shi ga fistin da ringi da boris. Kamfanin Stihl ya ce in man nasu ne, kashi 1 cikin 50, wato mililita 100 a galan mai lita 5. Yawancin injunan China da ke hannun yaranmu an rubuta musu 1 cikin 25, ninki biyu ke nan. To a jikin kabureta akwai sukuru uku. Mai alamar L na kula da mai idan inji na tafiya a hankali, mai alamar H na kula da shi idan an ja wuta duka, na ukun kuma shi ke riƙe inji kada ya mutu sa'adda aka saki hannu. Abin da ake kira ɗaure wuya shi ne a murɗa H zuwa dama, mai ya ragu, iska ta rinjaya. Nan take inji zai ɗauki wani kuka mai tsini, mai shi ya washe baki ya ce yawwa, yanzu ya zama inji.

Wannan kukan ba ƙarfi ba ne, ƙishirwa ce. Ka rage fetur, ka rage man santsin da ke cikinsa, ka kuma rage abin da ke sanyaya kan fistin. Inji zai yi ta ihu a iska, amma da ka dasa shi a gindin marke ko kirya sai ya sare. Bayan kwana kaɗan fistin ya yi zane ta gefen salansa, ringi ya manne, silinda ta tafi. Man da aka ce an tsimi na wata guda bai kai rabin kuɗin silinda da fistin ba, ban da kwanakin da za a yi ba aiki ana jiran kaya daga Kano ko Anacha.

Yadda muke saitawa ba wani asiri ba ne. A wanke matacin iska tukuna, don saiti a kan mataci mai datti aikin banza ne. A rufe H da L a hankali har su zauna, ba da ƙarfi ba, sannan a warware kowanne kamar zagaye ɗaya. A bar inji ya yi zafi. Idan an ja wuta duka ba a cikin itace ba, ya kamata a ji muryarsa da 'yar gargada, kamar mai gyaran murya. Da an sa shi cikin itace sai gargadar ta ɓace, murya ta daidaita. To nan ne wurin. Bayan yini guda a kwance fulogi a duba: in kansa ya yi launin shayi da madara, lafiya, in ya yi fari fat, inji na jin ƙishirwa, in ya yi baƙi da kunkunniya, mai ya yi yawa. Akwai kuma abin da yawancin masu aiki da shi ba su lura da shi ba. Iskar sanyi ta fi ta zafi nauyi, saboda haka injin da aka saita da azahar a tsakiyar bazara, idan aka tashe shi da sassafe a watan Disamba, mai zai yi masa kaɗan ko da ba wanda ya taɓa sukurun. Injuna da yawa a farkon hunturu suke ƙonewa, sai a ɗora wa mai sayar da fetur laifi. Wani lokaci da gaskiyar masu zargin, don ana algus, amma ba kullum ba.

Buɗe baki kuwa shi ne a huda salansa da kusa ko a fasa cikinta. Gaskiya ne hayaƙi na samun hanya, inji kan ƙara ɗan ƙarfi. Sai dai injin da aka buɗe wa salansa ƙarin mai yake nema, shi ya sa na ce buƙatun nan biyu kishiyoyin juna ne. Ga shi ana cire 'yar ragar da ke tare tartsatsi, a shiga da inji cikin busasshiyar ciyawa da karan dawa a lokacin da iskar hunturu ke kaɗawa. Ga kunne: injin da ba a taɓa ba ma ƙararsa ta wuce desibel 100, kuma ban taɓa ganin mai toshe kunne a cikin yaranmu ba. Wani yana ɗan shekara talatin sai ka yi masa magana sau uku. A yankin da mutum ke son ya shiga ya fita ba a san ya zo ba, ina hikimar ɗaukar abin da ke shelanta inda kake tun daga nesa?

Masu babban inji, wanda ake kira 070, suna da nasu salon. Wannan inji mai nauyi da ake tsaga katako da shi, girman cikinsa ya ɗan ɗara na babur Boxer, an ƙera shi ya yi aiki a natse da ƙarfi kamar sa a huɗa. Akwai wani ɗan faifai da iskar fanka ke turawa don hana shi wuce iyaka. Sai a cire, wai yana daƙile shi. Wasu su cire gasket na ƙarƙashin silinda don matsi ya ƙaru, ba tare da an auna tazarar da ta rage tsakanin fistin da rufin silinda ba. Wasu ma matacin iskar suke jefarwa, a ƙasar da ƙura ke rufe rana. Wannan kam ba gyara ba ne, zuba wa inji yashi ne da hannunka.

Abin dariya, ko na takaici, shi ne gudun da ake nema yana wurin da ba a kallo, wato haƙoran sarƙa. Wani Ba'amurke mai saran itace, Joseph Cox, shi ya fito da siffar haƙorin da ake amfani da shi yau a wajajen 1947, bayan ya tsaya yana kallon yadda tsutsar ƙwaro ke cin kututture da muƙamuƙinta, dama da hagu. Haƙori mai kaifi ɓaɓɓake yake fitarwa manya-manya, kuma shi ke jan kansa cikin itace. Dakusasshe gari yake fitarwa kamar dusa, mai aiki na dannawa yana gumi, inji na shan mai yana zafi a banza. Magagari mai zagaye daidai girman sarƙar, a riƙe shi a karkace kusan digiri 30, a ba kowane haƙori shafa uku ko huɗu daidai wa daida, duk lokacin da aka tsaya zuba mai. Masu tsaga katako a tsaye su rage karkatar zuwa wajen digiri 10. Wannan kaɗai ya fi duk wata huda da murɗa da za a yi. Amma akwai ɗan tudun da ke gaban kowane haƙori, wanda ke ƙayyade zurfin cizo. Ƙa'idarsa ya yi ƙasa da haƙori da abin da bai kai milimita ɗaya ba, wajen 0.65. Yaranmu sai su goge shi ƙasa sosai don inji ya riƙa cin itace da yawa. Ranar da bakin injin ya taɓo reshe ta sama, tsalle yake yi ya dawo kan mai shi kafin ƙiftawar ido, sarƙa na gudun kusan mita 20 a daƙiƙa. Tsohon 070 ba shi da birkin sarƙa. Kowa kuma ya san abin da ake nufi da neman motar da za ta kai mai zubar jini Mafara ko Gusau bayan la'asar a wannan zamani.

To mu ɗauka an bi duk abin da na faɗa, inji ya zauna daidai, sarƙa na ci kamar wuta. Me zai yanka?

Da can masu itace da masu gawayi nesa suke tafiya. Yau dajin Sububu da na Bayan Ruwa da makamantansu ba na talaka ba ne, masu bindiga ke iko da su. Ko gonar da ta ɗan yi nisa sai an biya haraji ake nomawa a wurare da yawa. Mun tuna Satumbar 2021, bayan sace ɗalibai 73 a makarantar sakandaren Kaya a nan Maradun, yadda aka katse layukan waya, kasuwannin mako suna rufe, aka hana sayar da mai a jarka. A Katsina Gwamna Masari har ɗauko itace daga daji da mota ya haramta. An janye matakan daga baya, amma daji bai dawo hannun jama'a ba. Buƙatar makamashi kuwa sai ƙaruwa. Kananzir ya fi ƙarfin talaka tuntuni, gas ya bi sahu, gidajen da suka saba da shi a Gusau da Sakkwato sun koma gawayi, gidajen burodi ba su taɓa barin itace ba. Garuruwa sun cika da 'yan gudun hijira, kowace tukunya na son wuta. Tunda daji ya rufe, inji sai ya juyo kan abin da ke kusa, wato itatuwan gona da na bakin gari.

Waɗannan kuwa ba itacen banza ba ne. Kakanninmu da suka sare daji suka yi gona, da gangan suka bar ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka da gawo da kanya. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya bar wa gero rana da taki, da rani kuma ya yi ganye da 'ya'ya ga dabbobi. Ɗorawa ita ce kalwa, ita ce daddawar miyarmu, garinta kuma ya sha raba yara da yunwa a bazara. Kaɗanya kan kai shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya. A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwaranta waje na wata shida don a riƙa sarrafa shi a gida, mu kuma a nan uwar muke mayarwa gawayi. Ɗorawar da a da sai ƙarti sun yini a kanta da gatari, kuma kafin su gama labari ya kai kunnen mai unguwa, yanzu inji mai kaifi kafin a sha fura ya kwantar da ita. Jinkirin gatari ma wani katanga ne, ga shi ya faɗi.

Kuma a lura da wanda ke asara. Namiji ke sayar da bishiya, sau ɗaya, ya karɓi kuɗi ya soke a aljihu. Amfaninta na shekara-shekara kuwa a hannun mata yake: su ke dafa kalwa, su ke yin man kaɗe, su ke kai tsamiya da garin kuka kasuwa. Wata gwaggota da daddawa ta riƙe ta shekara da shekaru ta ce mini: "Ɗana, kalwar ga yanzu sai an tahi kasuwar Mafara an sawo, mu da muka ɗiba bayan gida." Ita ba ta san H da L ba, amma ta fi ni sanin abin da injin ya yi.

Ba na zagin wanda ya sayar. Mutumin da aka ɗauke wa ɗa aka yanka masa kuɗin fansa, ko aka aza wa ƙauyensu tara, ya sayar da shanu ya sayar da babur, in ya waiga ya ga tsamiya a gonarsa, wa zai ce masa kada ya taɓa? Haka yaron da ya ci bashin inji, yana biyan mai shi kowane mako, ga iyaye da ya gudo da su. Na taɓa ce wa wani cikinsu ya riƙa barin masu 'ya'ya, sai ya ce: "Kawu, icce shina jiran shekara ashirin, cikina ba ya jiran gobe." Ban sami abin ce masa ba a lokacin. Amma waɗanda ke loda buhunan gawayi a manyan motoci suna ratsa shingaye da rana tsaka ba 'yan gudun hijira ba ne, kuma ba yunwa ke korarsu ba. Mun ga irin wannan a madobiya, wadda 'yan kasuwa ke kira madrid: cikin 'yan shekaru aka share ta daga dazukan Taraba da Kogi ana kaiwa China, har sai da hukumar yarjejeniyar CITES ta dakatar da cinikinta daga Najeriya a 2018. Da wannan injin dai aka yi aikin, masu riƙe shi kuma ba su ne suka yi arziki ba.

Zamfara na cikin jihohi 11 da ke cikin shirin Babbar Katangar Itatuwa, wanda aka kafa wa hukuma ta musamman a 2015. Duk damina ana bikin dashe, a ɗauki hoto, a watse, awaki su ƙarasa. Ni abin da ya fi burge ni yana maƙwabta, a Maraɗi. Tun wajajen 1983 wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, tare da manoman yankin suka lura cewa kututturan da ke gonaki ba su mutu ba, saiwarsu na raye. Maimakon a sassabe tohon duka kowace shekara, sai a zaɓi masu ƙarfi biyu ko uku a bari, a riƙa datse musu rassan ƙasa. Suna ce masa sassabin zamani. Ba gandun reno, ba ban ruwa. An ƙiyasta fili ya kai hekta miliyan 5 da ya farfaɗo a kudancin Nijar ta wannan hanya, kuma itacen girkinsu daga rassan da ake datsewa yake fitowa. Hausawa ne irinmu, ruwan samansu ma bai kai namu ba.

Nan ne nake ganin injin zai iya zama alheri. Datsar reshe aiki ne da ƙaramin inji mai kaifi ya fi gatari iyawa nesa ba kusa ba, don yana barin yanka mai santsi da ke warkewa, ba ya farfasa jikin bishiya. Dogon yaro da ya cika garuruwanmu in aka datse shi daga sama, cikin shekara biyu zuwa uku ya sake cika, a sake datsa. Gawo ma makiyaya sun daɗe suna sassaran rassansa bai mutu ba. Mai inji zai samu aiki a bishiya ɗaya sau da yawa maimakon sau ɗaya. Abin da ya rage shi ne doka ta gari. Hakimai da dagatai da masu unguwanni sun san kowane mai inji a ƙasarsu da sunansa, ba su da yawa. A tara su, a rubuta su, a amince cewa ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka da gawo ba a kayar da mai rai sai mai unguwa ya je ya gani da idonsa. Busasshiya da wadda iska ta kayar ba magana. Wanda larura ta kama, gari ya san yadda zai yi da shi, ai ba yau aka fara jinginar da amfanin bishiya a bar ta tsaye ba. Kwalejin Aikin Gona ta Bakura da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara suna nan kusa. Horon mako guda kan wasa sarƙa, gaurayen mai, kayar da itace ba tare da ya danne mutum ba, da yadda ake datsa, bai fi ƙarfinsu ba in ƙananan hukumomin uku suka sa hannu.

'Yan uwana makanikai kuma, mu ma da namu kason. Mu ne muke huda salansa, mu ne muke cire faifan 070, mu ne muke shiru idan aka zuba ƙonannen baƙin mai na mota a tankin sarƙa, alhali yana ɗauke da garin ƙarfe da ke cinye famfo, kuma duk abin da aka zuba a ƙasar gona yake ƙarewa. A shagona dai ba a huda salansa, ba a goge tudun haƙori fiye da ƙa'ida, kuma duk wanda ya kawo inji sai na tambaye shi inda zai kai shi. Wasu sukan ɗauki abinsu su tafi gaba, na kuma san akwai mai yi musu. Wanda ya tsaya, ina nuna masa riƙon magagari kyauta, ya wasa haƙora goma a gabana kafin in taɓa masa kabureta.